Hukuncin Rainon Bakteriyar da Aka Sauya wa Ƙwayar Halitta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen nazarin ƙananan halittu. Muna saka wa bakteriyar E. coli wani zoben ƙwayar halitta mai suna filasmid, mu raine ta cikin romo (ruwan abincin bakteriya) mai amfisilin, maganin kashe bakteriya. Shin wannan bai shiga canza halittar Allah ba? An kuma ce romon yana da alaƙa da alade.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, aikin halal ne. Aya ta 119 a Suratun Nisa'i tana zargin canjin da Shaiɗan ke umarni da shi, irin tsaga kunnuwan dabbobi don camfi. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa (ƙungiyar Musulmin duniya) a Makka ta halatta wannan ilimi na sauya ƙwayar halitta a 1998, muddin an nisanci cutarwa. Da shi ake samar da insulin tun 1982, wanda a da daga alade da shanu ake ciro shi.

Romon da ake rainon E. coli a ciki, mai suna LB, kowace lita giram 10 ce ta tiriftan, 5 na ruwan yis busasshe, 10 na gishiri. Tiriftan furotin ɗin madara ne da aka narkar da sinadarin cikin dabba, sau da yawa alade. Ko an ce najasa ta taɓa shi, Malikiyya sun halatta amfani da irinsa, in ban da a masallaci ko a cikin ɗan Adam. Idan ya zuba maka a riga, wanke kafin salla.

Inda nake jin tsoro shi ne zubarwa. Filasmid ɗin yana ɗauke da abin da ke sa bakteriya ta gagari magani, shi ya sa take rayuwa cikin amfisilin mikrogiram 100 a kowace mililita, sauran su mutu. Ana zuba maganin ne bayan romo ya huce zuwa digiri 50, don zafi yana lalata shi, sannan a saka bakteriya a girgiza a digiri 37 na awa 12 zuwa 16. Idan aka wuce haka maganin ya ƙare, marasa filasmid su yawaita, aiki ya ɓaci.

Tuttule wannan romo a kwata da ransa haramun ne, domin Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma bakteriya tana miƙa wa wata filasmid. Wajibi ne a dafa shi a tukunyar tururi, digiri 121, aƙalla minti 30, ko a jiƙa shi da bilic. Kanamaisin kuwa, wani maganin kashe bakteriya da ake amfani da shi kamar amfisilin, yana jure zafi, sai a tara shi cikin sharar sinadarai. Bin ƙa'idojin hukumar NBMA mai sa ido kan sauya ƙwayar halitta a Najeriya, wadda dokar 2015 ta kafa, ya hau kanka. Allah ne Mafi sani.