Amsoshin tambayoyinku: In ajiye albashi in ci gashin kaina?

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan mako. Duka daga mutanen da ke sayar da iliminsu ko sana'ar hannunsu ne ba tare da ubangida ba, ko masu shirin shiga wannan hanya.

Ta farko daga unguwar Bukoki a Yamai: "Assalamu alaikum Malam. Ina aikin kwantabul a wata ƙungiyar agaji, albashina jaka 200 a wata. Shekara biyu ke nan ina riƙe wa wasu ƴan kasuwa lissafi da dare da ranakun hutu, wani watan har jaka 150 nake samu. Abokaina na fada sun ce in ajiye aiki in zama konsiltan, uwargida ta ce kada in kuskura. Kuma ko na fita, ban san nawa zan riƙa yanka wa aikina ba."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A yau dai uwargida ta fi ƴan fada gaskiya, don ranar da mai gida zai zo karɓar kuɗin haya ita zai tarar a tsakar gida, ba su ba. Amma ba zan ce maka ka rungume albashi ka yi barci ba. Mu da ke Yamai mun ga yadda wasu masu ba da tallafi suka dakatar da kuɗinsu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, mun kuma ga yadda Amurka ta tsayar da kuɗin hukumarta ta ba da agaji, USAID, a farkon 2025, mutane suka wayi gari kwangilarsu ta ƙare babu sabuntawa. Don haka aikin daren nan naka dabara ce mai kyau. Abin dubawa shi ne lokacin fita.

Kalmar da ta tsaya mini a wasiƙarka ita ce "wani watan". To sauran watannin fa? Ɗauko littafinka ka rubuta abin da ya shigo hannunka a watanni 12 da suka wuce, wata bayan wata, ban da wanda aka ce "sai jibi" har yau jibin bai zo ba. Watan da ya fi kowane muni shi ne ma'auninka. Manomin Adar ba ya auna shekararsa da ranar da ya ɗaure dami, yana auna ta da abin da ya rage a rumbu lokacin da damina ta faɗi, hatsi ya yi tsada. Mai zaman kansa ma yana da kaka yana da bazara. Kai mai lissafi, kakarka ita ce ƙarshen shekara da watannin farko na sabuwa, lokacin rufe littattafai da kai takardu gidan lanho. Daga nan kasuwa takan yi sanyi. Kada ka miƙa takardar barin aiki sai ka tara abin da zai ciyar da gidanka wata shida ko da sisi bai shigo ba, kuma kuɗin ya kasance a wurin da hannu ba ya saurin kaiwa.

Sannan ka ƙirga masu ba ka aiki. In a cikin jaka 150 ɗin nan Alhaji guda ne ke ba da 100, to ba cin gashin kai za ka yi ba, canjin ubangida za ka yi, kuma sabon ba ya zuba maka komi a CNSS, asusun fanshon ma'aikata, ba ya biyan ka ranar da zazzaɓi ya kayar da kai. Ni sai na ga mutum huɗu ko biyar da ba su san juna ba kafin hankalina ya kwanta.

Batun farashi kuwa, nan ne mafi yawan masu farawa ke cutar kansu da hannunsu. Mutum ya raba albashinsa da kwanakin aiki 22, ya ga jaka 9 da ƴan kai, ya ce to jaka 10 a yini ta wadatar, har yana ganin ya ci riba. Ya manta cewa a biro wani ne ke biyan lantarki, intanet, takarda da man babur. Ya kuma manta cewa ba kwana 22 zai sayar ba: sauran kwanakin za su tafi a neman aiki, rubuta tayi, da zaman benci a ƙofar wanda ke riƙe da kuɗinsa. Mu ɗauka kwana 8 kake sayarwa a wata, kana son jaka 200 ta gida, ɗawainiyar aiki da lanho da ajiyar tsufa su ci jaka 80. Jaka 280 a raba 8, jaka 35 ke nan a yini. Ka sa naka alƙaluman a madadin nawa, amma hanyar ke nan. Ƴan kasuwa ba su cika son jin farashin yini ba, don haka ka yanka musu na wata ko na aikin dungum, lissafin yinin ya zauna a cikinka. Kuma ka bar wurin ragi. Bahaushe bai yarda ya yi ciniki ba sai an ce "albarka" sau biyu.

Takardu ma ka fara tun kana da albashi. Ka je Maison de l'Entreprise, wadda ke ƙarƙashin majalisar ƴan kasuwa ta ƙasa, a yi maka rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar lanho ta NIF. Dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a wasu ƙasashen Afirka har da Nijar, da aka sabunta a 2010 ta tanadi matsayi mai sauƙi don mai ƙaramar sana'a shi kaɗai, ka tambaya a can ko ya dace da kai. Ba don ƙawa ake yin wannan ba: manyan kamfanoni da ƙungiyoyi ba sa fitar da kuɗi sai da faktir, wato takardar neman biya, mai NIF, kuma sanarwar neman ƙwararru da ake bugawa a jaridar Le Sahel galibi waɗannan takardu take fara tambaya. Wanda ba shi da su yakan ƙare da aron sunan kamfanin wani, a yanke masa kaso, aikin kuma ya shiga tarihin wancan. Abu na ƙarshe, ka sake karanta kwangilarka ta yanzu, kada ka yi aikin waje da kwamfutar biro ko a lokacin biro. Yamai ƙaramin gari ne in ana maganar suna, kuma tsohon shugabanka na iya zama mutum na farko da zai turo maka aiki.

Ta biyu daga Tawa: "Yaya, na gama jami'ar Djibo Hamani, ina fassara tsakanin Faransanci da Hausa, ina kuma rubuta hirarrakin da masu bincike ke ɗaukowa a ƙauyuka. Na kwashi adashi jaka 400. An nuna mini sabuwar kwamfuta a kan kuɗin daidai, an kuma nuna mini ta hannu a jaka 180. Wacce zan ɗauka?"

Ƙanwata, ɗauki ta hannu, sauran kuɗin ki sayi wuta. Aikinki rubutu ne da sauraro, ba ya buƙatar doki mai tsada. Abin da zai kunyata ki gaban mai aiki shi ne ɗaukewar lantarki a watan Afrilu ko Mayu, zafi ya haura 40, ga aiki ana jira gobe da safe. Ba mu manta 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa NIGELEC, kamfanin lantarkin Nijar, har tsawon watanni.

Ki tafi da wanda ya san kan na'ura. A duba ta kasance da RAM, wato ƙwaƙwalwar aikinta, giga 8 ko fiye, da ma'ajiya mai sauri irin ta SSD, kuma tana ɗaukar Windows 11, tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025. A cire caja a bar ta tana aiki a gabanki ko da rabin awa ne, ki ga yadda batir ke sauka, don a nan ake ɓoye aibin ta hannu. Ki kalli madannai: wadda ta biyo ta Kano ko Dubai yawanci tsarin Ingilishi gare ta, babu é babu ç, ke kuma hannunki ya saba da na Faransanci. Ana iya canja tsarin a ciki, amma abin da ke rubuce a kan maɓallan ba zai canja ba. Ki kuma sa a girka miki haruffanmu masu lanƙwasa, don mai fassarar da ke rubuta "kasa" a wurin "ƙasa" ba ta daɗewa a kasuwa.

Ga lissafin wuta a taƙaice. Kwamfuta, akwatin intanet da ƙaramar fanka za su ci wajen wat 120. Batir mai volt 12 da amfiya 100 yana ɗaukar wat 1,200 na awa guda a takarda, amma irin na dalma rabi kawai ake ja in ana son ya yi ƙarko, wato wajen awa biyar. Na litiyom ya fi tsada, ana jan mafi yawan abin da ke cikinsa, ya kuma fi daɗewa. In kuɗin bai kai ga batir da faifan sola a lokaci guda ba, fara da batir ɗin ki riƙa cika shi in an kawo wuta, faifan ya jira aiki na gaba. Ki ware kuɗin abin sauraro mai kyau na kunne, da layin waya na biyu daga wani kamfani daban.

Ba ki tambaya ba, amma ga ƙari. In aiki ya zo daga Turai, ki karɓi farashi da yuro ba fargaba, tun da yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi. In daga Sakkwato ko Kano ne, ki yanka da sefa. Duk mai zuwa kasuwar Ƙwanni ya ga yadda darajar naira ta faɗi tun 2023.

Ta uku gajera ce, daga wani mai zane da kwamfuta a Yantala: kawunsa ya sa shi ya yi wa shagonsa tambari da allo da kalanda, wata huɗu babu ko "nawa ne". Yanzu kawun ya turo abokinsa.

Ɗana, na kawu ya wuce, ka bar shi a matsayin zumunci, kada ka kai ƙara wurin mahaifiyarka a kan kalanda. Sai dai ka je ka gaishe shi, ka ce: "Kawu, wancan kyauta ce daga ɗanka, amma kuɗinsa a kasuwa kaza ne, don Allah in za ka turo mutane ka faɗa musu." Shi kuma abokin, ka karɓe shi hannu biyu, ka rubuta masa a WhatsApp abin da za ka yi, da kuɗin, da ranar bayarwa, da cewa gyara sau biyu ne, na uku da kuɗinsa. Ya amsa a rubuce, ya turo rabi kafin alƙalami ta Nita ko Airtel Money. Samfurin da za ka nuna masa ya zama ƙarami, da sunanka kwance a tsakiya. Babban, wanda ake kai wa maɗaba'a, sai cikon ya shigo.