Kafin ka taɓa fitilar tankin mutane

Ka ce mutumin nan naka yana da tankin gilashi na ruwan gishiri mai ƙafa 4, murjaninsa ya dishe ya koma ruwan ƙasa, yana son a sake masa fitila amma da ya ji kuɗin fitilu masu tsada irin Radion da Kessil sai ya dafe kai. Shi ne kake tambayata ko ka sayo masa fitilar LED ɗin nan ta Sin, baƙin akwati mai wat 165, ka rataya masa. To, zauna. Ajiye wayar nan tukuna, ba da ita nake magana ba.

Wane irin murjani ne a ciki? Ka yi shiru. Na san ba ka duba ba. Ku yaran yanzu da kun ga shuɗin haske yana walƙiya a bidiyo, shi ke nan kun zama injiniyoyi. Murjani dabba ne, kuma a cikin naman jikinsa akwai wata ƙwayar gansakuka da ido ba ya gani, ita ke cin haske ta ciyar da shi. Saboda ita kake kunna fitila, ba saboda baƙin maigida ba. A teku, jan haske yana ƙarewa tun a 'yan mitocin sama, shuɗi ne ke nitsawa ƙasa, shi ya sa abin da ke tsakanin nanomita 420 da 460 ya fi yi mata amfani. Idonka kuwa ba ya ganin ƙarfin shuɗi. Za ka ga tanki kamar da duhu-duhu alhali murjani yana ƙonewa. Don haka ake awo da mitar PAR, mai auna hasken da gansakukar ke iya amfani da shi: murjani masu laushi da masu kaurin nama 50 zuwa 150 ya ishe su, Acropora da danginsa masu rassa su ke son 200 zuwa 350. Wat ɗin da aka buga a kwali kuwa, wannan lissafin ɗan kasuwa ne.

Wannan akwatin da ka ambata, shi ya ja mini asarar da har yau idan na tuna sai abinci ya fita raina.

Wani Alhaji ne a nan Abuja, ba sai na faɗi unguwa ba. Na haɗa masa tanki mai ƙafa 6 a falonsa na baƙi, tun daga dutse har yashi. A sama na ɗora masa dogayen ƙwayaye na T5, rabi ATI Blue Plus rabi Coral Plus, kuma gidan fitilar nawa ne na kaina, aro na ba shi kafin nasa ya iso. Na zuba masa Acropora na Indonesiya da aka shigo da su da takardar CITES, wato izinin cinikin irin waɗannan halittu tsakanin ƙasashe, halak malak. Akwai wani kore mai shuɗin baki, da ya zo bai fi ɗan yatsana ba, na raine shi har ya kai faɗin faranti. Idan na je da safe sai ka ga gashin jikinsa ya fito yana kaɗawa a ruwa. Cikon kuɗina kuwa kullum "Malam, bari kwangila ta fito". Na yi ta haƙuri don mutunci.

Sai ɗansa ya dawo hutu daga karatu a waje. Yaro kamarka, kai cike da intanet. Ya ce wa uban wai T5 fitilar tsofaffi ce. Ina can Kano wajen rasuwa, ya sa aka sauke fitilata, ya rataya baƙaƙen akwatuna uku dab da ruwa, ya murɗa shuɗi da fari duka har ƙarshe. Ga shi ana hidimar biki a gidan, aka bar su a kunne dare da rana don 'yan biki su ɗauki hoto. Ko waya ba wanda ya yi mini.

Da na dawo na shiga falon, daga bakin ƙofa na hango fari fat. Duk rassan sama sun zubar da gansakukarsu. Koren nan nawa, naman ya fara saɓulewa daga gindi, yana yawo a ruwa zare-zare, ga wani ƙarni da ba na mantawa. Na tsaya, ƙafata ta ƙi ɗaukata. Kamar ka ɗauko jariri ranar suna ka shanya shi a ranar bazara, haka aka yi wa dabbobin nan.

Ka san abin da bawan Allahn nan ya ce? Wai dama dutse na shafa wa fenti na sayar masa, fentin ne ya wanke. A gaban direbansa da masu aikin gida, ni da furfurata! Na ce Alhaji, dutse yana girma? Ba kai kake kiran abokanka su ga yadda ya yi rassa ba? Ya ce shi bai san wannan ba, ɗansa ya yi bincike. Cikon kuɗi ya hana. Gidan fitilata da na ba shi aro, wai an kai sito, an neme shi an rasa. Maigadi ne ya raɗa mini daga baya cewa yaron ya sayar. Abin da ya fi ƙona mini rai, a 2018 ne, shekarar da Indonesiya ta dakatar da fitar da murjani, ba a sake buɗewa ba sai farkon 2020. Ko da kuɗi a hannu ba inda za ka samo irinsa a lokacin. Mutane suka ce in kai shi kotu. Da wace takarda? Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, kuma in mun haɗu a masallacin Juma'a ya sani.

Kada ka ɗauka cewa nake akwatin ba shi da kyau. Ni ma ina sa wa mutane shi. Ƙwayaye 55 ne a ciki, kuma in ka auna wutar da yake ja ba ta kai 165 ɗin da suka rubuta, amma ƙarfinsa ya fi ƙarfin yawancin tankunan da ke garin nan. Matsalarsa gilasan da ke kan ƙwayayen suna tattara haske wuri guda, tsakiya ta ƙone, gefe ya zauna a duhu. Tanki mai ƙafa 4 akwati biyu yake so. Ɗaga su sama da ruwa kamar inci 12 ko fiye, in ka ga dama ka kwance ka cire gilasan don haske ya bazu. Fara da shuɗi kashi 30 cikin ɗari, fari ƙasa da haka sosai, ka riƙa ƙara kashi 5 duk mako kana kallon murjanin. Awa 8 zuwa 10 a rana, a kan taima, ba a hannun 'yar aiki ba. In ka gama saitawa, naɗe maɓallan da salatif, ka ɗauki hoto a gaban mai gidan.

Amma ni da mutumin naka zai ji tawa, in yana da T5 a kai, kada ya yar. Wataƙila ƙwayayen ne suka tsufa, don daga wata 9 zuwa shekara sun gaji ko da suna ci. Sabbin ƙwayaye masu wat 54, a ƙara sandar LED shuɗiya ɗaya a gaba don launi ya fito, an gama da kuɗi kaɗan. Su ma ɗaya-ɗaya ake canza su, ba rana guda ba. Tsohuwar fitilar halid mai wat 250 kuwa, mai ɗumama ruwa, ko kyauta aka ba ka a wannan zafin namu ka ce na gode. Ruwa mai zafin digiri 25 zuwa 26 murjani yake so, ya doshi 30 ka fara salati, kuma kuɗin na'urar sanyaya ruwa da man janareta sai sun ninka abin da ka ce ka rage.

In ya ce ta hannu zai saya daga Amurka, juya bayanta ka karanta. Wata fitilar volt 120 kaɗai take ɗauka, ka soka ta a volt 230 ɗinmu ka ji ɗas. Kowace ce ma, ta bi ta sitabilaiza ko inbata, don yadda ake dawo da wuta a ƙasar nan ba ruwansa da tsadar kaya. Ƙurar hunturu da gishirin da ke tsatsafowa suna toshe fankar fitilar, shafa su aikinka ne, ba sai na koya maka riƙe tsumma ba.

Kuma wa ya ce maka ma haske ne ya mayar da murjanin nasa ruwan ƙasa? Ka auna naitiret da fosfet? Ruwa mai datti ma yana yin haka, ka ƙara masa haske sai gansakuka ta rufe gilashi. Yadda ake awon kuma kada ka tambaye ni, shekararka nawa a shagon nan.

Gobe ka je ka auno zurfin ruwan, ka ɗauko mini hoton kowane murjani da farar fitila, ba shuɗiya ba. Ka ce masa kuɗin kaya duka a hannu, na aiki rabi, kuma a rubuce. Mitar PAR ɗina ba ta fita shagon nan a jakar kowa, in za a auna tare za mu je.