Hoto biyu, magana biyu: wanne zan kama likita?

Tambaya: Salam likita, dan Allah a taimaka min. Shekarata 38, yau wata takwas kenan ina fama da ciwon kai kusan kullum. An turani na yi hoton MRA, wato hoton jijiyoyin jini, aka ce an ga ɗan kumburi a jijiyar jini ta ƙwaƙwalwa mai girman milimita 3, wai anurizim, sai maigidana ya ce mu sake a wani wuri, can kuma aka yi CT suka ce lafiya lau babu komai. Wallahi ko barci bana iya yi, gani nake kowane lokaci zai fashe. Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Amsa: Wa'alaikis salam, sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Anurizim ɗin nan wuri ne da bangon jijiyar jini ya yi rauni sai ya ɗan bullo, kamar dai yadda tsohon tiyub ɗin keke ke yin ƙulu a gefe guda in an ba shi iska. Toh abin da zan fara tambayarki shi ne, CT ɗin da aka miki an ɗura miki ruwan allura a jijiyar hannu har kika ji wani ɗumi ya ratsa jikinki, ko kwanciya kawai kika yi aka ɗauka? Domin in na kwanciya kawai ne to ba aikinsa ba ne ganin abu mai milimita 3, shi jinin da ya riga ya zuba yake nunawa ko ƙari babba, saboda haka "babu komai" ɗinsa bai ƙaryata MRA ba sam. Wanda ake sa wa ruwan, CTA, shi ne sa'an MRA.

Shi ma MRA ɗin ba a rantsuwa a kansa. Milimita 3 fa bai fi ƙwayar dawa ba, kuma a wannan girman akwai abubuwan da ke yaudarar ido: jijiya ta lanƙwashe, ko bakin wata ƙaramar jijiya ya buɗe kamar mazurari a inda ta rabu da uwarta, wanda haka Allah ya halicci wasu ba cuta ba ce. Ga ƙarfin inji ya bambanta, mai Tesla 3 ya fi mai Tesla 1.5 fitar da ƙananan abu, sannan ko haɗiyar yawu kika yi da ƙarfi kanki ya motsa hoton zai iya yin dishi-dishi.

Abin da za ki yi, ki koma wuraren biyu ki karɓo hotunan kansu a faifan CD, ba takardar sakamako kaɗai ba, ki kai wa likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa ya duba su tare da likitan hoto. Mutanenmu sun fiye zuwa da takarda a leda su bar hoton, alhali takarda ra'ayin mutum ɗaya ce. In har yanzu da kokwanto za a yi CTA bayan an gwada ƙodarki, ko a yi DSA wanda shi ne alƙalin duka, ana zura siririn bututu ta jijiyar cinya ko ta hannu har wuya a fesa ruwa a ɗauki hoto. Ba a gaggawar yin sa don yana da ɗan haɗarinsa, duk da bai kai kashi 1 cikin 100 ba wajen shanyewar jiki.

Ko ma ya tabbata anurizim ne, kusan mutum 3 cikin 100 na manya suna yawo da shi ba su sani ba har su tsufa. Babban binciken ƙasa da ƙasa kan anurizim ɗin da bai fashe ba, mai suna ISUIA, da aka wallafa a 2003 ya nuna waɗanda ba su kai milimita 7 ba, musamman a jijiyoyin ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, da ƙyar suke fashewa, galibi sa ido ake yi a maimaita hoto bayan wata shida ko shekara. Kuma gaskiya ina shakkar shi ne ke sa ki ciwon kan wata takwas, ƙarami irin wannan yawanci shiru yake. A nemi dalilin ciwon daban, ɓarin kai ne, hawan jini ne, ido ne, ko fargabar nan da ta hana ki barci.

Tambaya: Likita ni direba ne, kullum da safe sai na sha Panadol Extra ko Alabukun kafin kaina ya saki, in ya dawo da la'asar na ƙara. Shekara biyu kenan. Ko na je a min hoton kai?

Amsa: Malam kafin ka kashe kuɗin hoto, ina zargin maganin ne da kansa yake riƙe maka ciwon. Duk wanda ke shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, ko masu haɗin sinadarin kafeyin irin su Panadol Extra, ko tiramol, kwana 10, har tsawon wata uku, to kan yakan saba, da maganin ya sake shi sai ciwon ya dawo. Ka je a auna jininka, a duba idonka, likita ya tsara maka yadda za ka bari. Satin farko zuwa na biyu ciwon zai ƙaru, ka daure, daga nan yake lafawa. Alabukun kuma akwai asfirin a ciki, shan sa kullum cikin ba komai gyambon ciki yake jawowa.

Tambaya: Mahaifiyarmu jijiya ce ta fashe mata a kai ta rasu. Ya kamata mu 'ya'yanta mu yi hoto? Kuma ta yaya mutum zai gane?

Amsa: Allah ya jiƙanta da rahama. In ita kaɗai ce a gidan ba a cika cewa kowa ya yi ba, an fi ba da shawarar hoto in mutum biyu ne na jini ɗaya, uwa, uba ko 'yan'uwa ciki ɗaya, ko kuma akwai ciwon ƙodar gado mai ƙuraren ruwa. Abin da ke hannunku shi ne hawan jini da sigari, su biyun nan ne manyan masu tunzura anurizim.

Alamar fashewa kuwa ba ta kama da ciwon kan yau da kullum. Farat ɗaya yake zuwa kamar an maka wa mutum taɓarya a ƙeya, cikin minti ɗaya ya kai maƙura, sai amai, wuya ya sanƙare, haske ya dame shi, wani har ya suma. Haka in fatar ido ɗaya ta faɗo haka kawai mutum yana ganin abu bibbiyu. Nan ba zancen kemis ba ne ko ruwan taifot a gida, kuma kar a ba shi asfirin, a wuce sashen gaggawa na asibitin da ke da injin CT, don a awa shida na farko ne hoton ya fi kama jinin.