Amsa ga 'yar'uwar da aka nemi ta ƙawata dina da ɗanyen fure

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce dangin amarya sun ƙi fulawar roba, ɗanyen fure suke so a wajen dina, bikin kuma ya faɗo a watan Afrilu, kina shawarar ko ki karɓi aikin. Da na karanta sai da gabana ya faɗi, domin irin wannan aikin ne ya taɓa sa ni hawaye a bainar jama'a.

Ki karɓa, amma kada ki sayi ko kara ɗaya sai kun rubuta da mai ɗakin taron lokacin da zai tayar da janareta ya kunna na'urar sanyaya ɗaki. Ni wani manaja a nan Zariya ya yi mini alkawarin sanyi tun azahar. Sai da na gama jera fararen wardi da hydrangea, wani fure mai babban kai a dunƙule, a kan tebura, sannan ya ce dizal ya yi tsada, ba zai tayar da inji ba sai baƙi sun fara shigowa. Na roƙe shi, na ce zan biya kuɗin man daga jakata, ya ce ai mai makullin ya tafi Sabon Gari. Ina tsaye kawunan hydrangea suka riƙa sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya, gefen wardin ya koma ruwan ƙasa, shi kuwa yana gindin bishiya yana danna waya. Da gwaggon amarya ta iso, ni ta wanke tas a gaban yarana, bawan Allahn nan yana ji bai ce uffan ba, kuma har yau ko ban haƙuri bai yi ba.

Saboda haka a bazara ki guji hydrangea. Idan kuma ta zama dole, ki tsoma kanta gaba ɗaya cikin ruwa da zarar ta yi laushi, domin tana sha ta furen kansa. Furannin da ake kira carnation da chrysanthemum sun fi jure zafinmu. Wardin Kenya, wanda ake noma da yawansa a kewayen tafkin Naivasha, yana isowa da ƙishin doguwar tafiya, don haka ki yanke gindin karan a karkace, ki cire ganyen da zai nutse, ki bar shi ya kwana cikin bokiti mai tsabta. Koren soson da ake kafa fure a ciki ki ɗora shi a kan ruwa ya nutse da kansa. Idan kin danna shi, tsakiyarsa a bushe za ta tsaya. Kada ki haɗa fure da ayaba ko mangwaro a firji, iskar da suke fitarwa idan suna nuna tana tsofar da shi. Furen orchid kuwa ba ya son sanyin firji ko kaɗan.

A ganina tsada ba a yawan launi take ba. Fari da koren ganye da launi ɗaya daga ankon biki sun wadatar, na tebur kuma kada ya kare wa mutane fuskar juna. Ki zuba ɗanyen a hannun amarya da kewayen kujerarsu ita da ango, inda ido da kyamara suke kaiwa kusa, can sama ki sa roba mai kyau da sanin masu biki. Kuɗin furen kuma ki karɓe shi cif kafin ki yi oda, domin idan aka ɗaga biki babu mai karɓar miki shi.