Rini, Keke da Takardar Yanka: Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin da suka zo mini a wannan karon sun fi karkata ga rini, sai sayen keken ɗinki da gyaran takardar yanka, wato takardar da ake ɗorawa a kan yadi a bi zanenta a yanka. Zan fara da rinin, domin a nan ne aka fi yin asarar yadi mai kyau.

"Anti, ina da wata farar doguwar riga da ta fara dafewa. Na sayi garin rini shuɗi, na bi duk abin da aka rubuta a jikin fakitin, amma rigar ta fito shuɗi-shuɗi kamar an wanke ta da bula, zaren ɗinkin kuwa yana nan fari tas. Da na wanke sau biyu sai rabin launin ya tafi. Rinin ne jabu, ko in canza kamfani?"

Ƙanwata, kada ki yi saurin ɗora wa rinin laifi. Zaren nan da ya ƙi kamawa shi ya tona asirin matsalar. Yawancin kayan da ake sayarwa a ɗinke da zaren poliyesta ake ɗinka su, shi kuwa poliyesta ɗan gidan roba ne, rinin auduga ba ya shigarsa. Tunda jikin rigar ma bai kama sosai ba, ina kyautata zaton yadin gauraye ne: audugar da ke ciki ta sha launi, poliyestan ya ƙi, idonki kuma ya haɗa su biyun ya ga shuɗi mai haske. Ko fakiti goma kika juye, haka za ta fito.

Saboda haka kafin ki sake fitar da kuɗi, ki fara sanin yadinki. Idan akwai ɗan ƙyallen bayani a wuya ko a gefe, ki karanta. Idan babu, ki yanko ɗan guntu daga cikin kalmasa, ki riƙe shi da hantsaki a kan faranti, da ruwa a kusa, ki kusantar da shi ga wutar ashana. Auduga da lilin da reyon suna ci da wuta kamar takarda, warinsu ma na takarda ne, tokarsu mai laushi ce. Ulu da siliki suna warin ƙonannen gashi, su bar baƙin dunƙule da ke murmushewa idan kika murza. Poliyesta da nailan narkewa suke yi, su bar ƙwallo mai tauri wanda ba ya murmushewa. Idan kika ga toka da narkewa a tare, gauraye ne.

Kowane iri da rinin da yake ji. Ga auduga, lilin da reyon, abin da nake saye shi ne rinin da ke ɗaurewa da zaren kansa, irin Procion MX, wanda kamfanin ICI na Ingila ya fito da shi a 1956. Ba ya buƙatar wuta, ruwan ɗumi ya ishe shi, kuma idan ya kama ya kama ke nan. Ulu da nailan suna son rinin da ke aiki da tsami, a sa ruwan khal a dafa a hankali. Siliki yana karɓar duka biyun. Poliyesta kuwa yana da nasa rinin na musamman, kuma sai an dafa shi a ruwa mai tafasa na rabin awa zuwa awa ɗaya. A masana'anta har zafin ya kai digiri 130 a rufaffiyar tukunya. Shi ya sa a gida yake da wuya a samu launi mai duhu a kansa. Irin fakitin da ake rubuta wa "na kowane yadi" haɗi ne na rini biyu, ɗaya na auduga ɗaya na ulu, kuma na audugar ba ya ɗaurewa da zare, yana fita a hankali da wanki. Yana da amfani ga abin da ba a yawan wankewa, amma ga rigar sawa kullum ba na ba da shawararsa.

Ga yadda nake rina auduga. Ki auna nauyin yadin yana busasshe. Ki wanke shi da ruwan zafi da sabulu don sitaci da maiƙo su fita, domin duk inda maiƙo ya zauna tabo zai fito. Ga rabin kilo na yadi, ki tanadi ruwan ɗumi kamar lita 12, gishiri kofi 3, garin rini cokali babba ɗaya don launi matsakaici, da sodar wanki sulusin kofi. Sodar wanki nake nufi, ba bekin soda ba, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Ki narkar da gishirin, ki dama garin rinin da ɗan ruwa har gudaji su mutu sannan ki zuba. Ki saka yadin yana jiƙe, ki yi ta juyawa na minti 20. Sai ki narkar da sodar daban, ki ture yadin gefe, ki riƙa zuba ta kaɗan-kaɗan cikin kwata na awa, kada ta sauka kai tsaye a kan yadin. Ki ci gaba da juyawa rabin awa don launi mai haske, awa ɗaya don mai duhu. Gishirin yana tura launin cikin zare, sodar ita ke ɗaure shi. Daga nan ki ɗauraye da ruwan sanyi har ya kusa fita garau, sannan ki wanke da ruwan zafi da sabulu.

Juyawar nan ita mutane ke raina wa, ita ce kuwa bambancin rini mai kyau da mai dabbare-dabbare. Bokitin ma ya zama mai faɗi, yadin ya samu wurin yawo. Kuma ki tuna jiƙaƙƙen yadi ya fi busasshe duhu, kada ki tsame shi da wuri don kin ga ya yi.

Ina roƙonki ki sa safar hannu, ki sa takunkumi lokacin da kike auna garin, domin shaƙarsa a kai a kai yana iya jawo matsalar numfashi. Tukunya da cokalin da suka taɓa rini sun bar kicin har abada.

Game da rigarki: idan kika gano poliyestan ya wuce kashi ɗaya cikin uku, ki sayi rinin poliyesta ki dafa, ki kuma sa ran launi matsakaici. Idan bai kai haka ba, ki sake rinawa yadda na faɗa, farin zaren kuma ko ki bar shi a matsayin ado, ko ki bi ɗinkin da ke fili da zare mai launin rigar.

"Hajiya, matata ta fara koyon ɗinki, ina so in saya mata keke. Na ga wasu masu allo irin na kwamfuta da salon ɗinki sama da ɗari, na ga kuma na ƙarfe marasa ado. Wanne ya fi?"

Malam, Allah ya saka da alheri. Wannan ɗarin salon kada ya ruɗe ka. Mai ɗinkin gida kusan duk aikinta da ɗinki uku take yinsa: miƙaƙƙe, zigzag, da ramin maɓalli. Keken da ke yin waɗannan ukun da kyau, mai ƙashin ƙarfe a ciki, ya fi mai salo ɗari wanda ke rawa a kan tebur idan ya haɗu da yadi mai kauri. Tsohon baƙin keke na ƙafa yana da ƙarko ƙwarai, kuma ba ruwansa da wutar lantarki, sai dai miƙaƙƙen ɗinki kaɗai yake yi. Idan za ta riƙa ɗinka yadi mai miƙewa, tana buƙatar zigzag.

Sunan kamfani, ko Singer ne ko Brother ko Janome ko Juki, bai kai wannan tambayar muhimmanci ba: idan ya lalace, akwai mai gyaransa da kayan gyaransa kusa da ku? Keke mai allo idan allon ya mutu, sau da yawa sai an canza shi gaba ɗaya. Ka tafi da ita wurin sayen, ta riƙe guntayen yadi iri uku: mai santsi, mai miƙewa, da jins da aka ninka huɗu. Ta ɗinka kowanne, ta juya bayansa ta duba ko zaren bobin yana kwance lafiya. Keken wibin kuwa, mai ɗinke bakin yadi don kada ya warware, a bar shi tukuna, zigzag zai riƙe mata bakin yadi har hannunta ya faɗa.

Abin da ya rage na kuɗin ka sa shi a allurai, almakashi mai kyau wanda ba za a yanka takarda da shi ba, da dutsen guga. Allura lamba 70/10 ta yadi mai laushi ce, 80/12 ta matsakaici, 100/16 ta jins, sannan akwai mai dunƙulallen baki ta yadi mai miƙewa. Mafi yawan keken da ake cewa yana tsallake ɗinki lafiyarsa ƙalau, allurar ce ta dakushe ko ba ta dace da yadin ba.

"Anti, na sayi takardar yanka ta riga. Idan na zaɓi lambar da ta yi daidai da ƙirjina, kafaɗa da wuya sai su yi mini yawa. Idan na zaɓi ƙarama, gaban ba ya rufuwa. In sayi ta wani kamfanin ne?"

'Yata, ba jikinki ne ke da matsala ba, kuma wata takardar ma haka za ta yi miki. Tun da Ebenezer Butterick ya fara sayar da takardun yanka masu lamba-lamba a Amurka a 1863, kowane kamfani jiki ɗaya yake ɗauka ya yi awo a kansa, sauran lambobin kuma ya ƙara ko ya rage. Yawancin manyan kamfanonin suna ɗauka cewa tsakanin awon saman ƙirji da na cikar ƙirji inci 2 ne. Wadda tata tazarar ta wuce haka za ta ga abin da kika gani.

Ki yi awo biyu. Na farko, tef ya bi ta ƙarƙashin hammata ya wuce ta saman ƙirji. Na biyu, ta inda ƙirjin ya fi cika. A ce na farko 36 ne, na biyu 41. Ki ƙara 2 a kan 36, ki zaɓi lambar da ƙirjinta yake 38. Wannan zai zauna miki a kafaɗa da wuya, wuraren da suka fi wuyar gyara. Saura inci 3, kuma duka a gaba ake buƙatarsu. Tunda takardar rabin gaba ce, inci ɗaya da rabi za ki ƙara mata.

Ki kwafe takardar a kan wata, kada ki yanka ta asali. Ki sa alama a tsinin ƙirji. Ki ja layi daga ƙasan rigar zuwa alamar, ya karkata zuwa ramin hannu. Ki ja na biyu daga gefe, ta tsakiyar dat, wato ninkin da ake ɗinkewa don rigar ta bi siffar ƙirji, zuwa alamar. Ki yanka na farkon har kusa da layin ɗinkin ramin hannu, ki bar ɗan maƙale. Ki yanka na biyun daga gefe, shi ma ki bar ɗan maƙale a wurin alamar. Sai ki buɗa layin farko inci ɗaya da rabi, faɗin ya zama ɗaya tun daga alamar har ƙasa. Za ki ga dat ɗin ya buɗe da kansa, ɓangaren gefe kuma ya fi na tsakiya tsawo. Ki yanka na tsakiyar a kwance ki sauke shi su daidaita, ki cike guraben da takarda. Bakin dat ɗin ya tsaya kamar inci ɗaya kafin tsinin ƙirji.

Kada ki ƙara faɗin a tsakiyar gaba, wuyan zai buɗe. Idan kuma kina ƙari a gefe don ƙugu, ki tuna baki huɗu ne: santimita ɗaya a kowanne ya zama huɗu a jiki. In daga intanet kika sauke takardar, ki buga ta a kan kashi 100, ki auna ɗan murabba'in gwajin da ke shafin farko kafin ki buga sauran. Sannan ki fara ɗinka saman rigar da tsohon zanen gado. Na taɓa tsallake wannan matakin a kan wani siliki da na daɗe ina ajiya, har yau ina jin zafin abin. Yadin gaskiyar kuma ki wanke shi ki goge kafin almakashi ya taɓa shi, domin auduga da reyon suna ƙanƙancewa a wankin farko.

"An ce idan na jiƙa sabon yadi mai zuba a ruwan gishiri ko ruwan khal zai daina. Gaskiya ne?"

A'a, 'yar'uwa. Gishiri da khal suna aiki ne a lokacin rini, ba bayan an gama ba. Ki wanke shi shi kaɗai har rarar launin ta fita. Idan ya ƙi dainawa, akwai ruwan ɗaure launi da ake sayarwa tare da kayan rini, yana taimaka wa auduga. Ki goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kansa ki gani kafin ki haɗa shi da wani yadin a ɗinki ɗaya.

"Ina da labule ruwan ƙasa mai duhu, ina so ya koma ruwan hoda. Wane rini zan saya?"

Babu rinin da zai yi miki wannan, ƙanwata. Rini ba fenti ba ne, ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa, haɗuwa yake yi da shi: shuɗi a kan ruwan ɗorawa kore zai ba ki, ja a kan shuɗi ya ba ki shunayya. Daga haske zuwa duhu ake tafiya. Sai dai ki fara cire tsohon launin da maganin cire launi, shi ma ba kowane rini yake cirewa ba, kuma abin da yakan bari ruwan madara ne ko ɗorawa-ɗorawa, ba fari ba. Bilic kuwa yana cinye ulu da siliki da zaren roba mai miƙewa, auduga ma yana raunana ta, balle labulen da rana ta riga ta gasa. Ki yanko guntu daga kalmasar ƙasa ki gwada maganin a kai. Idan ya yi haske sosai, ki ci gaba. Idan bai yi ba, ki mayar da labulen baƙi ko ruwan ƙasa mai ƙarin duhu, ruwan hodar kuma ki sayi farin yadin auduga ki rina.