Amsoshin tambayoyinku: masu shirin zuwa Johannesburg, a dakata da ɗaure kaya

Wasiƙu biyar suka zo min a kan gari ɗaya, Johannesburg ta ƙasar Afirka ta Kudu, sai na haɗa su wuri guda.

Tambaya: Hajiya, barka da ƙoƙari. Zan raka maigidana asibiti a Johannesburg cikin watan Yuli, za mu yi mako uku. In ban da Umara ban taɓa fita waje ba. An ce in sayi rigunan sanyi, ni kuwa na ga ai Afirka ce. Hankalina duk a tashe yake. (Wata baiwar Allah, Zariya)

Allah Ya ba shi lafiya, ƙanwata, Ya sa kaffara ce. Ki kwantar da hankalinki, wadda ta iya cunkoson ɗawafi babu filin jirgin da zai gagare ta. Amma wanda ya ce miki akwai sanyi ya yi miki gata. Garin a kan tudu yake, wajen mita 1,750 daga bakin teku, ya ɗara Jos da kusan mita 500. Kuma lokutansu a juye suke da namu: sanda muke tsakiyar damina, Yuni zuwa Agusta, su lokacin suke hunturu. Da rana gari zai yi tarwai, ki ce ai ba komai. Magariba na yi sanyi ya sauko, da asuba har raɓa takan daskare a kan ciyawa. Ki shiga gwanjo ki ɗauki suwaita biyu-biyu, safa mai kauri da hular sanyi ta maigida, kada ki ɓata kuɗi a kan sababbi don mako uku. Ki tambayi masaukin tun yanzu ko akwai hita a ɗakin. Ki tafi da man kaɗanya, iskarsu busasshiya ce, tana fasa leɓe da dunduniya. Kwana biyun farko in kin hau bene kika ji kina haki, tudun ne, yana wucewa, sai dai in ciwon maigida ya shafi zuciya ko ƙirji a faɗa wa likitansa kafin a tashi. Katin allurar shawara kuma dole ne ga mai zuwa daga Najeriya. A je a yi allurar da gaske, aƙalla kwana goma kafin tafiya, kada a sayi kati a hannun wani.

Tambaya: Shin zan ga zaki a gari, kuma in taho da gidan sauro? (Wani matashi, Gusau)

Ɗana, kai ma ɗan Afirka ne, zakuna nawa ka gani a Tudun Wada? In dabbobi kake so akwai gidan zu, ko ka biya a kai ka gandun daji na Kruger, tafiyar awa huɗu zuwa biyar a mota. Can ne ake maganar zazzaɓin cizon sauro. A Johannesburg babu shi, bar gidan sauronka a gida.

Tambaya: Hajiya, ina haɗa lefe. Zan je taro a Johannesburg, abokina ya ce tunda can ake haƙo gwal ya fi Dubai araha, kuma ya san wani da zai haɗa ni da masu haƙowa kai tsaye. Me kika gani? (Ango mai jiran gado, Kano)

Abin da na gani shi ne ana shirin yi maka wankin babban bargo. Gyara zama.

Gaskiya ne gwal ne ya kafa garin. A 1886 aka gano shi a tudun Witwatersrand, har yau Zulu suna kiran garin eGoli, wato wurin gwal, kuma daga jirgi za ka hango tarin ƙasar da aka tono kamar duwatsu. Amma Afirka ta Kudu ta daina zama ta ɗaya a duniya tun 2007 da Sin ta wuce ta, abin da ya rage kuma yana can ƙasa, akwai ramin da ya kai zurfin kilomita 4. Ko da ma a bakin titi ake tsintar sa, farashin gwal ɗaya ne a duniya. Wanda yake da gwal na gaske yana da mai saya a kowace kusurwa, me zai sa ya jira baƙo daga Kano ya karya masa?

To bari in gaya maka inda ko a kanti mai lasisi mutanenmu suke faɗawa. Mu mun saba da karat 18, 21 da 22. Su kuwa kantunansu cike suke da karat 9. Ba jabu ba ne, sun rubuta a jiki, mu ne ba ma karantawa. Duba bayan maƙullin sarƙar za ka ga lamba ƙarama: 375 karat 9 ke nan, 750 karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22. Lissafin ba wuya. Sarƙa mai giram 10 ta karat 9, gwal ɗin da ke cikinta giram 3.75 ne, sauran jan ƙarfe ne da azurfa da makamantansu. Ta karat 21 mai nauyi ɗaya tana da 8.75. Ke nan ko rabin kuɗin 21 aka sayar maka da 9, kai aka ci. Na taɓa raka wata maƙwabciyata wurin masu gwal da sarƙar da mijinta ya kawo mata tsaraba, tana so ta sayar ta biya kuɗin makarantar yara. Mutumin ya goga ta a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya sa tabarau ya duba maƙulli, sannan ya turo mata ita a hankali ya faɗi kuɗin da zai iya biya. Har muka hau adaidaita ba ta ce uffan ba. Kai kuwa lefe ne, gwaggwannin amarya za su juya sarƙar nan a gaban jama'a, kuma cikinsu ba a rasa mai ido.

Shi kuma "wani" da abokinka ya sani, wannan ya wuce asara ya shiga ɗauri. Dokar ƙasar ta hana riƙe ɗanyen gwal ko lu'ulu'un da ba a gyara ba sai da lasisi. Masu haƙowa ta bayan fage, waɗanda suke kira zama zama, gungu ne masu bindiga. In garin tagulla aka ƙulla maka a leda, ba ka da bakin kai ƙara, don abin da ka je saya haramtacce ne. In na gaske ne, ga jami'an filin jirgi suna jiran ka. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Kuma ka tuna da halin da 'yan Najeriya suke ciki a can: an kai wa baƙi hare-hare a 2008, 2015 da 2019, har aka kwaso ɗaruruwan mutanenmu a jirgi. Ɗan sanda bai cika yi wa mai koren fasfo uzuri ba. Ka sayi gwal ɗinka inda iyayenka suke saya, wurin wanda in an sami matsala ka san ƙofar shagonsa. In ka nace sai ka kawo wani abu daga can, shiga babban kanti, ka ce karat 18, ka duba lambar da idonka, ka karɓi rasit mai lambar haraji, don baƙo yana iya neman a mayar masa da harajin VAT a filin jirgi.

Tambaya: Daga filin jirgi tasi zan hau ko me? Kuma dala zan riƙe? (Ɗan kasuwa, Maraɗi)

Alhaji, duk wanda ya tare ka a filin jirgin O.R. Tambo yana "taxi, taxi", wuce shi. Akwai jirgin ƙasa na Gautrain a cikin filin jirgin, minti 15 ya kai ka unguwar kasuwanci ta Sandton, amma ba ya kwana yana aiki. In da dare za ka sauka, otal ya turo mota. Kuɗinsu rand ne, kati kuma yana aiki kusan ko'ina. Canji a banki ko kantin canji mai lasisi, can ba a yin irin namu na bakin titi. Kada ka yarda kowa ya "taimaka" maka a ATM, kada ka yi tafiya da waya a hannu, kada ka shiga tsakiyar gari ko unguwar Hillbrow da dare. A hagu suke tuƙi, in za ka tsallaka fara duba dama. In an ce ka juya a "robot", danja ake nufi.

Tambaya: Ina zan sami abincin halal da masallaci? (Ɗaliba, Kaduna)

Wannan mai sauƙi ce, 'yata. Nemi masauki kusa da Fordsburg ko Mayfair, unguwannin Musulmi ne 'yan asalin Indiya da Somaliyawa, za ki ji kiran salla. A sauran wurare duba takardar SANHA ko NIHT, hukumomin tantance halal, a bango kafin ki zauna, don naman alade ba a ɓoye yake ba. Pap ɗinsu tuwon masara ne, ba zai baƙunce ki ba. Biltong kuwa ɗan'uwan kilishi ne, amma shi ma sai mai tambarin halal. In kin sami Juma'a, je masallacin Nizamiye a Midrand, ginin Turkawa ne da aka buɗe a 2012. Kilishinki da dambun namanki ki cinye su a gida, ba a shiga da nama sai da izini.