Kod ɗin bakwai a gitar jaz: daga ina ake farawa?

Tambaya: Malam, na iya kod ɗin da ake danne tsirkiya shida da yatsa guda, amma da na fara jaz sai na ga takarda cike da Cmaj7, Dm7, G7 da makamantansu. Na samu littafi mai zanen kod ɗaruruwa, na haddace wasu, washegari su tsere. In kuma na kaɗa tare da mai fiyano, sautin sai ya cakuɗe. Ya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye littafin nan tukuna. Haddar zane ba ta zama a kai matuƙar ba ka san abin da kowane yatsa yake riƙe da shi ba.

Kod ɗin bakwai sauti huɗu ne: tushe, na uku, na biyar da na bakwai. A Cmaj7 su ne C, E, G, B. Sai dai ba nauyinsu ɗaya ba. Na uku shi ke nuna ko kod ɗin mejo ne ko maino, na bakwai kuma shi ke raba Cmaj7 da C7. Na biyar a yawancin lokaci ɗan rakiya ne, in ka cire shi kunne ba zai yi kewarsa ba. Don haka fara da sauti uku kawai: tushe, na uku, na bakwai.

Ga yadda za ka yi, ana ƙirga tsirkiya daga siririya, ta shida ce mai kauri. Sa yatsa a gaɓa ta 3 (gaɓa ita ce gurbin da ke tsakanin ƙarafan wuyan gita) ta tsirkiya ta shida, wato G. Tsallake ta biyar, ka kwantar da gefen yatsanka a kanta don kada ta yi kuka. Danna ta huɗu a gaɓa ta 4, ta uku ma a gaɓa ta 4. Gmaj7 ke nan. Ja yatsan tsirkiya ta huɗu baya da gaɓa ɗaya, ya koma ta 3, ka samu G7. Ja na tsirkiya ta uku shi ma zuwa ta 3, ya zama Gm7. Kod uku, kowane mataki yatsa ɗaya ne ya motsa. Yi ta maimaita wannan kana faɗin sunan sautin da ya sauka da bakinka, har kunnenka ya riga hannunka ganewa.

Kada ka raina ƙanƙantar siffofin nan. Freddie Green, wanda ya kaɗa gita a ƙungiyar Count Basie daga 1937 har rasuwarsa a 1987, da irin waɗannan ƙananan kod ya riƙe aikinsa, bugu huɗu a kowace ƙirga, sau da yawa ma sauti ɗaya ko biyu kawai ake ji sosai. Nan ma maganin cakuɗewar da kake ji yake: mai kaɗa bas yana riƙe da tushe, mai fiyano ya cika tsakiya, kai kuma ka zo da tsirkiya shida. Gurbi ne ya yi kaɗan.

Inda abin ya fi daɗi shi ne haɗa su. Ɗauki jerin Dm7, G7, Cmaj7, wanda za ka yi ta cin karo da shi a kiɗan jaz. Dm7: tsirkiya ta biyar gaɓa ta 5, ta huɗu gaɓa ta 3, ta uku gaɓa ta 5. Daga nan zuwa G7 ɗin da ka koya, F ɗin da ke tsirkiya ta huɗu bai motsa ba, ban da tushe, C ne kawai ya sauka gaɓa ɗaya ya zama B. Zuwa Cmaj7 kuwa, tushe a tsirkiya ta biyar gaɓa ta 3, B ya zauna daram, F ya sauka zuwa E a gaɓa ta 2. Lura da kyau: na bakwan kod guda shi ke gangarawa ya zama na ukun mai bi masa. Wannan gangarawar ita ce abin da kunne ke ji ya ce jaz ne, kuma a ganina ta fi zane ɗari amfani. Kai jerin nan ko'ina a wuyan gitar, ka bi dukkan tushe goma sha biyu, a hankali, da na'urar ƙirga bugu.

Sai hannunka ya saba sannan ka dawo da na biyar. Hanyar da aka fi bi ita ce a jera sautukan huɗu kusa da juna, a ɗauki na biyu daga sama a sauke shi oktaf guda, wato zuwa takwaransa mai suna ɗaya da ya fi shi kauri, domin jerin da ya matsu yakan fi ƙarfin yatsu a gita. G, B, C, E sai ya koma C, G, B, E: gaɓa ta 3, 5, 4, 5 daga tsirkiya ta biyar zuwa ta biyu. Kowane kod yana da juyi huɗu a wannan salon, gwargwadon sautin da ya zo a ƙasa, amma ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Wuri guda da ba a wasa da na biyar shi ne kod irin Bm7b5, domin saukar da aka yi masa ita ce alamar kod ɗin. Danna 2, 3, 2, 3 a kan waɗancan tsirkiyoyi huɗu, ka saurari F ɗin da ke tsirkiya ta huɗu.